Ɗaliban Lauya da Zaman Koyon Aiki a Hukumomin Makamashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai abokan aiki, da ku ɗalibanmu na tsangayar shari'a, barkanmu da wannan lokaci.

An nemi in yi magana kan zaman sanin makamar aiki, lokacin da ɗalibi yake barin aji ya je ya zauna ƙarƙashin gogaggen lauya. Kun san tsarin Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bwari aka tura ka, ko Bagauda, ko Yola: za ka yi makonni a kotu, sannan ka yi a ofishin lauya. Ba ni da ja a kan wannan. Amma akwai ƙofar da 'ya'yanmu ba su cika ƙwanƙwasawa ba, ita ce sashen shari'a na hukumomin gwamnati masu kula da wutar lantarki da man fetur. Ita nake so mu tsaya a kai.

Har gobe idan aka kawo wuta yara "NEPA" suke ihu, alhali NEPA ɗin ta daɗe da shuɗewa. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta raba ta gida 18: kamfanonin rarraba wuta 11, na samarwa 6, da guda mai dakon wutar a manyan layuka. Dokar ce kuma ta kafa NERC, hukumar da ke sa ido a kansu. A Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, KEDCO ta riƙe Kano da Katsina da Jigawa. Tun daga ranar, abin da ke tsakanin mai injin niƙa a Dawanau da kamfanin da ke ba shi wuta ya koma lasisi da yarjejeniya da umarnin hukuma. Wa ke rubuta su? Lauyoyi ne, suna zaune da injiniyoyi da masana tattalin arziki.

To me ɗalibi zai tarar idan ya shiga? Fayil zai tarar, ba rigar lauya ba. Za a ba shi umarnin farashi a ce ya karanta. Ku tuna Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin samun wuta aƙalla awa 20 a rana. Jama'a farashin suka ji suka yi ta kuka, kuma suna da hujja. Idon lauya kuwa kan sharaɗin yake sauka: idan kamfani ya karɓi kuɗin bai cika awannin ba, wa zai auna, da wace shaida, wane hukunci ya biyo baya?

Inda na fi so ku zauna shi ne wajen sauraron koke. Tsarin shi ne, mai ƙorafi ya fara kai kukansa sashen koke na kamfanin. In ba a share masa hawaye ba, ya wuce zauren sauraron koke na NERC, kuma akwai ofishinsa a nan Kano. In bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa hukumar kanta. A wannan zaure za ka ga gwauruwa da aka kawo wa bil na ƙiyasi ba ta da mita, za ka ga unguwa guda da ta yi karo-karo ta sayi taransifoma, alhali a ƙa'idar hukumar sayen taransifoma da turaku nauyin kamfani ne. Mutanen nan ba su san suna da haƙƙi ba. Wallahi ɗalibin da ya yi wata guda yana karanta irin waɗannan takardu, in ya koma unguwarsu ya zama abin amfani tun kafin a rantsar da shi lauya. Kuma shi ne zai iya yi wa mai ƙorafi bayani da Hausa, abin da takardun hukuma ba sa yi.

Sannan zamani ya juya. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon yin doka kan samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu, a Yunin shekarar aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lantarki. A 2024 NERC ta fara miƙa ikon sa ido ga jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo. Duk jihar da ta kafa tata hukumar, sai ta nemi wanda ya iya rubuta lasisi da ƙa'idar farashi. In ba mu horar da namu ba, hayar masana za a yi daga nesa da kuɗi mai yawa, su rubuta su tafi, a bar mu da takardar da ba mu san cikinta ba.

Ɓangaren mai ma haka ne. Dokar Masana'antar Man Fetur ta Agusta 2021 ta rushe DPR, tsohon sashen gwamnati mai sa ido kan harkar mai, ta kafa NUPRC mai kula da haƙo mai, da NMDPRA mai kula da tacewa da dako da sayarwa. Ta wajabta wa kamfanoni ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata domin al'ummomin da ake aiki a ƙasarsu. Kada ku ce wannan maganar Neja Delta ce kaɗai. An ƙaddamar da aikin haƙo mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a Nuwamba 2022, ga kuma bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Gonakin mutane yake ratsawa, kuma diyya magana ce ta shari'a.

Wanda yake ganin aikin lauyan gwamnati ƙaramin aiki ne, ya dubi shari'ar Nijeriya da wani kamfanin ƙasar waje mai suna P&ID. Kwangilar gas ce da Ma'aikatar Man Fetur ta sa wa hannu da kamfanin a 2010. Ba a gina komai ba, amma a 2017 kwamitin sasanci ya ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11. Sai a Oktoba 2023 babbar kotu a Landan ta soke hukuncin, bayan ta gano an same shi ta hanyar zamba da cin hanci. Shekara 13 ƙasa tana fama saboda takardar da ta bi ta teburin lauyoyi. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fage rigakafin yana hannun mai duba kwangila kafin a sa hannu.

Wannan ya kawo ni kan amana, kuma ina roƙonku ku saurara da kyau. Za ka ga daftarin farashi kafin duniya ta ji, za ka ga asirin kamfani. Ba na hira ba ne a majalisa, ba na ɗauka a waya a tura WhatsApp ba ne. In kawunka ko yayarka na aiki a kamfanin da fayil ɗinsa ya zo gabanka, faɗa wa shugabanka a ɗauke maka shi. Wani zai tare ka a bakin ƙofa ya ce ga na shan ruwa, ka dai gaya masa inda takardarsa ta tsaya. Daga nan ake fara lalacewa.

Game da yadda za ku shiga, kada ku jira sai an san wani. Ku karanta Dokar Lantarki da ta Man Fetur tukuna, ku nemi takardar gabatarwa daga shugaban tsangaya, ku rubuta wa sashen shari'a na hukumar tun watanni kafin dogon hutu, ku faɗi ainihin abin da kuke son koya. Wanda bai samu ba yanzu, ya sake nema lokacin yi wa ƙasa hidima. 'Yan mata, har da ku nake, domin aikin nan karatu da natsuwa yake buƙata. Shugaban taro, a nan zan dakata a karɓi tambayoyi.