In inji na ihu mota ba ta gaba: lacca kan zamewar giya a manyan motoci

Assalamu alaikum. Iyayena masu motoci, ƴan'uwana makanikai, da ku yaranmu na garaji da kuka zauna can baya, sannunku da zuwa, sannu da zafin Tawa.

Direba ya ɗauko albasa daga Galmi, ya kama hawa, ya taka totur. Allurar inji ta haura, ƙara ta cika kunne, mota kuma tafiyar kura take yi. Wannan shi ne zamewa, abin da muke ce wa patine a garaji. Ƙarfin da ya kamata ya sauka a taya yana komawa zafi cikin akwatin giya, wato buwat.

Tambayar farko: wace irin buwat ce? Mutane suna ce wa duka otomatik, alhali iri biyu ne. I-Shift ta Volvo, PowerShift ta Mercedes Actros, da AS Tronic ta ZF da ke cikin DAF da yawa, duk giyar hannu ce da kwamfuta ke canza ta da ƙarfin iska, kuma kulocinta busasshe ne. In ta zame, duba faifan kuloci da yoyon iska. Ɗaya irin, kamar Allison ta Amurka, mai ne ke ɗauke da ƙarfin inji ta cikin kwanbatiser, wato kaskon mai da ke tsakanin inji da giya, mai ne ke matse faya-fayan kuloci, shi ne kuma ke sanyaya su. A kan wannan iri na biyu zan yi magana.

Don Allah kar a fara da sauke buwat. A fara da sandar awon mai. Mota a wuri miƙaƙƙe, inji na aiki, giya a fri, mai ya yi ɗumi. In ya yi ƙasa, famfo iska yake zuƙa, ƙarfin matsi ya faɗi. In an cika shi ya wuce layi, kumfa yake yi, ita ma kumfar ba ta matse komai. Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, ka fita da ita rana. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi duhu kamar ruwan shayin da ya kwana a buta, ka kai hanci. Warin ƙauri na nufin faya-fayan sun fara ƙonewa. In kuwa ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan radiyater ne ya shiga ta bututun sanyaya mai, kuma ruwan nan yana ɓamɓare fatar kuloci daga jikin ƙarfenta. Na taɓa ganin an canza kuloci sabo fil aka bar wannan bututu a fashe. Wata bai cika ba motar ta dawo a kan igiya, mai ita yana ta rantsuwa kayan jabu aka sa masa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, don da an shinshina man tun farko da an gane.

Bayan mai sai matata, sai agogon awon matsi, sai na'urar karanta kwamfuta. Allison tana da ma'aunin gudu uku: na inji, na turbin (fankar da mai ke juyawa cikin kwanbatiser), da na mafita. Ɗaya ya lalace ko wayarsa ta goge, kwamfuta za ta rikice ta yi abin da ya yi kama da zamewa, alhali cikin buwat lafiya lau. In zamewar a giya ɗaya ce kullum, zargi kulocin wannan giyar ko solenoyid ɗinta, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya. In a duka ne, koma kan mai da famfo.

To, maganar ƙarko. Zafi ne babban makashi. Allison ta ce man ƙasan buwat ya zauna tsakanin digiri 71 da 93. Ku da kanku kun san Afrilu da Mayu a Adar, iska kanta ta wuce digiri 40 kafin a tada inji. Ƙara da ƙurar hunturu da ta toshe fuskar radiyater, ƙara da lodin siminti daga Malbaza da ya wuce ƙima, sannan a hau hanyar Agadas. Ku busa radiyater da iska a kai a kai, kyauta ne. Ku sa man da kamfani ya rubuta. Inda aka ce TES 295, wato lambar ingancin mai ta Allison, kar a zuba na jarkar bakin titi don ya fi araha. Motar da ke aikin rairayi da nauyi, a matso da lokacin bidanj ɗinta, wato canjin mai, a canza matata tare.

Direbobi, ƙannena, in kun kafe a yashi, ku daina jefa giya gaba da baya kuna taka totur. Ku bari inji ya sauka tukuna. A hawa mai tsawo ku riƙe ƙaramar giya da hannu, kar ta yi ta hawa da sauka. In kuma ta mutu za a ja ta zuwa gari, a kwance sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, domin inji ne ke juya famfon mai, in ya tsaya buwat a bushe za ta yi ta juyawa tun daga Abalak har nan.

Alhaji, na ga hannunka a sama tun ɗazu. Bismillah.