Kofin Cubs Bayan Shekara 108: Jawabi a Taron Ƙarshen Shekara na Hausawan Shikago

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam liman, shugaba da 'yan kwamitinsa, dattawanmu, iyayenmu mata, ƙanne da 'ya'ya, barkanmu da warhaka, barkanmu da sanyi. Allah ya saka wa waɗanda suka dafa abincin nan da alheri.

Sakatare ya rubuta sunana a jerin masu magana, ya sa "wasanni" a gaba. Na ga wasu sun gyara zama, suna zaton zancen Arsenal da Chelsea za a yi. A yi mini afuwa, yau besbol na zo da shi, kuma ga hular Cubs, ƙungiyar arewacin garinmu, a kaina, kowa ya san inda na dosa. Mutanenmu na kudancin gari masu bin White Sox, ku yi haƙuri. Kun ci naku a 2005, mun sha gori har mun gode Allah. Bana, 2016, namu ne.

Rabon Cubs da kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, tun 1908. Don a gane nisan abin: a lokacin shekara biyar kacal da Turawa suka ci Sakkwato, ba a ma haɗe Kudu da Arewa an ce Najeriya ba. Filin Wrigley da muke wucewa a jirgin Red Line, wanda muke ganin ya tsufa, sai a 1914 aka gina shi. Wato an haifi mutum a garin nan, ya yi makaranta, ya yi aure, ya ga jikoki, ya mutu da tsufa, bai taɓa ganin ƙungiyarsa ta ɗauki kofi ba. Mutanen gari har suka ƙirƙiro wa abin dalili. Wai a 1945 wani mai gidan giya, Billy Sianis, ya zo kallo da akuyarsa aka kore su, shi ne ya yi wa ƙungiyar baki. Mu dai mun san camfi ne, akuya ba ta hana rabo. Abin da ya hana su shi ne shekara da shekaru na sayen 'yan wasan da ƙarfinsu ya ƙare, da shugabanni masu son a ci yau-yau.

Gyaran ya fara ne da iyalan Ricketts suka sayi ƙungiyar a 2009, suka ɗauko Theo Epstein a ƙarshen 2011, mutumin da ya kawo wa Boston kofi a 2004 bayan shekara 86. Bai yi wa kowa daɗin baki ba. Ya sayar da manyan 'yan wasa ya karɓi yara, aka shiga shan kashi. A 2012 an doke mu sau 101 cikin wasa 162. Ina tuƙa tasi a lokacin, rediyo a kunne, fasinja ya shigo ya ji sakamako ya ce in kashe. Amma a dokar gasar ta wancan lokaci, wanda ya zo baya shi ke fara zaɓen matasan da suka fito daga makarantu, ta nan aka samu Kris Bryant a 2013 da Kyle Schwarber a 2014. Anthony Rizzo daga San Diego aka karɓo shi, Jake Arrieta daga Baltimore lokacin ba wanda ke kallonsa. Manomi ne ya hana kansa cin iri da rani, yara na kuka, maƙwabta na dariya. A 2015 aka ci wasa 97, bana aka ci 103, babu ƙungiyar da ta kai haka a duk Amurka.

Aka fitar da San Francisco, aka fitar da Los Angeles, aka haɗu da Cleveland, su ma rabonsu da kofi tun 1948. Wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗauka. Kafin mu farga sun ci uku, muna da ɗaya. Maƙwabcina, wani tsohon Bature ɗan asalin Polan, ya sauke tutarsa daga taga, ya ce shi ya saba. Muka ci na biyar a gida da kyar, 3 da 2, muka je garinsu muka ci na shida.

Sai daren Laraba, 2 ga Nuwamba. Wanda bai kalla ba, wallahi ya yi asara. Mai bugunmu na farko, Dexter Fowler, ya aika ƙwallo bayan katanga, ya ci mana maki, tun kafin mutane su gama zama. Muka kai 5 da 1, Cleveland suka rama biyu. David Ross, mai shekara 39, a wasansa na ƙarshe kafin ya yi ritaya, shi ma ya tsallakar da tasa, aka koma 6 da 3. Saura kaɗan a tashi. A zagaye na takwas cikin tara Rajai Davis na Cleveland ya kama jifan mai jifanmu Aroldis Chapman ya watsa ta waje, aka yi kunnen doki, 6 da 6. Falona ya yi tsit. Uwargida, wadda ba ruwanta da wasan, ta leƙo daga kicin ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

A nan ina da ƙorafi a kan kocinmu Joe Maddon, ko da ya ci kofi. Ya gajiyar da Chapman. Ya sa shi dogon jifa a wasa na biyar, ya sake sako shi a na shida alhali muna gaba da maki biyar, ba gaira ba dalili. Hannu ba inji ba ne. Shi kansa Chapman ɗin, ban ji daɗin sayensa ba, don a farkon kaka hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 30 a ƙarƙashin dokarta ta cin zarafin iyali. Na yi murna da nasarar, amma wannan bai fita raina ba, kuma gara in faɗa a gaban iyayenmu mata.

An gama zagaye tara ba wanda ya yi gaba, sai ruwan sama ya sauko, aka ja tamfol aka rufe fili na minti 17. A cikin wannan ɗan lokaci Jason Heyward ya tara 'yan wasa a ɗakin motsa jiki, ba koci a ciki. Ku san waye Heyward: an ba shi kwantiragin dala miliyan 184, kuma duk kakar nan sandarsa ta ƙi ci, har ajiye shi aka riƙa yi a benci. Jaridu sun gama da shi. Mutumin da ya fi kowa dalilin sunkuyar da kai, shi ya miƙe ya tuna musu cewa su ne suka fi kowa a bana, su riƙe juna su fita. Da aka dawo, Schwarber, wanda jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke tun Afrilu aka ce sai baɗi, ya buɗe da bugu mai kyau. Ben Zobrist ya kawo maki ɗaya, Miguel Montero ya ƙara. Cleveland suka rama ɗaya, aka tsaya 8 da 7. Ƙwallo ta ƙarshe ta gangaro wurin Bryant, yana dariya tun kafin ya ɗauka, ya jefa wa Rizzo. Saura 'yan mintoci sha biyun dare a agogonmu.

To, ga abin da ya sa na roƙi a ba ni wannan lokaci. A kwanakin nan mutane suka riƙa zuwa Wrigley da alli, suna rubuta sunayen iyaye da kakanni a jikin bulo, waɗanda suka mutu suna jira. 'Yata ta matsa sai mun je. Na ga ƙato da furfura yana rubuta sunan babansa yana share hawaye. Mutanen nan, da muke cewa ba su san zumunci ba, ashe a nan suke ajiye wani kaso nasa: uba ya kai ɗa fili, ya koya masa rubuta maki a kati, ɗan ya girma ya kai nasa. 'Yata ta karɓi alli ta rubuta sunan mahaifina da ke kwance a maƙabarta a gida, wanda bai taɓa jin sunan besbol ba. Na ce mata, "Uwata, addu'a ita ke isa gare shi." Ta ce ta sani, ta yi masa, amma tana so a san shi ma yana da jika a garin nan.

'Yan'uwa, yaran nan 'yan Shikago ne. Mu muna da Kano da Damagaram da Kumasi a zuciya, su unguwar da suka tashi ita ce tasu. Muna ƙorafin ba sa zama hira da mu, ba sa jin Hausa sosai. Wasan besbol awa uku ne, rabinsa jira ne, ba inda yaro zai gudu. Ni a kujerar filin nan na fi yin doguwar Hausa da 'yata, tana koya mini dokoki, ina ba ta labarin kakanninta. Kuma kwana shida bayan kofin aka yi zaɓen shugaban ƙasar Amurka da ya sa da yawanmu kwana da tunani. A irin wannan yanayi, maƙwabcin da kuka yi ihu tare da shi a kan titi ba zai yi saurin ɗaukarka baƙo ba.

Saboda haka ina kawo shawara gaban shugaba. Idan kaka ta buɗe a watan Afrilu, ƙungiya ta sayi tikiti a dunƙule, mu kai yara wasan rana guda. A zaɓi Asabar ko Lahadi, don wasannin Juma'a na rana suna cin karo da masallaci. A ci abinci a gida kafin a fita, a zauna wuri ɗaya, manya a gefe da gefe saboda masu shaye-shaye. Tikitin Wrigley zai yi tsada baɗi, wannan ba shakka, in ya gagara to mu je filin White Sox, zan daure in zauna, amma da hulata. Mai so ya ba ma'aji sunansa da adadin yaransa kafin a watse, 'yan mata ma a rubuta su.

Allah ya raya mana zuri'a, ya jiƙan magabatanmu. Na gode, wassalamu alaikum.