Tsofaffi masu zanko a bakin tekun Blackpool

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin teku nake. Yau na ga abin da tun zuwana Ingila ban taɓa gani ba, kuma wallahi har yanzu jikina bai daina mamaki ba. Kun ga dattijon can mai sanda, wanda ke zaune a kan benci? Na nemi izininsa kafin in haska shi, ya ce in ɗauka son raina. Ku dubi kansa. Zanko ne, irin wanda wanzamai suke bar wa yara a ƙauyukanmu a da, sai dai nasa ya miƙe sama ya kai kamu guda, an rine shi kore shar. Da bakinsa ya ce min jikokinsa biyar.

Ni fa hutun kwana ɗaya na samu, na ce bari in zo in sha iskar teku. Daga Preston inda nake aiki, jirgin ƙasa bai cika rabin awa ba ya sauke ni a tashar Blackpool North. Ina fitowa na yi turus. Titi cike da mutane cikin baƙaƙen rigunan fata masu ƙusoshi, manyan takalman Dr. Martens, sarƙoƙi, jiki duk zane, gashi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zo min a rai shi ne 'yan daba ne suka fito, ga ni baƙar fata ni kaɗai a tsakiyarsu. Na ƙara riƙe wayata da kyau. Sai wata mata, sa'ar innata, rabin kanta a aske, ta ga ina waige-waige, ta tambaye ni ko ɓata na yi. Ita ta raka ni har bakin Winter Gardens, babban ginin da ake taron a cikinsa, tana ba ni labari a hanya kamar mun daɗe da sanin juna.

Ashe bikin Rebellion na tarar. Kowace shekara a farkon watan Agusta ake yinsa, kwana 4, daga Alhamis zuwa Lahadi. Bikin kiɗan pank ne, wani reshe na kiɗan rok mai sauri da hayaniya wanda ya ɓarke a ƙasar nan a 1976, lokacin da matasa ke fama da rashin aiki suna jin haushin komai da kowa. An fara bikin a nan Blackpool a 1996 da sunan Holidays in the Sun, ya yi wasu shekaru a Morecambe, wani garin bakin teku da ke arewa da nan, kafin ya dawo ya zauna. Sunan Rebellion daga 2007 ne. To ku lissafa da kanku: wanda yake ɗan shekara 17 a 1976, yau shekarunsa nawa? Su ne waɗannan. Yaran da suka tayar wa iyayensu hankali su ne yanzu suke tafe da sanda da kwalbar magani a aljihu, kuma ba su canza riga ba.

Wannan shi ne abin da ya taɓa ni, don kun san a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Kullum ina tare da sa'o'in mutanen nan, ina ba su magani, ina tayar da su, ina lallashin wanda ya ƙi cin abinci. Wasu sai a yi wata babu wanda ya leƙo su. Yau kuma ga tsararsu a nan suna rungumar juna suna kiran sunan juna tun daga nesa, wani daga Jamus, wani daga Amurka, wani daga Japan, shekara guda ba su haɗu ba. Na ga wani a keken guragu, abokansa uku suna tura shi, shi ma da zankonsa ja. Hawaye ya kusa zubo min.

Na sayi tikitin yini ɗaya, ya cinye min kusan abin da nake samu a aikin wuni guda, amma ban yi da-na-sani ba. Ginin kansa abin kallo ne, tun 1878 aka buɗe shi. Akwai wani babban zaure a ciki da ake kira Empress Ballroom, rufinsa duk ado da fitilu masu reto, irin wurin da manyan jam'iyyun ƙasar nan suka sha yin taronsu na shekara. A nan aka jibge lasifikoki, ƙungiyoyin makaɗa ɗaruruwa suna hawa suna sauka a dandamali daban-daban tun rana har tsakar dare. Ƙarar kuwa ba a kunne kake jin ta ba, a ƙirji take dukanka. A gaban dandamali sai ka ga ana ture-ture, ana karo da juna kamar faɗa ya kaure. Abin da ya tuna min shi ne filin 'yan tauri idan kiɗa ya kai musu karo. Amma da mutum ya faɗi, hannu biyar ne za su miƙo su ɗaga shi, a buga masa kafaɗa, a ci gaba. Akwai wani mawaƙinsu, Charlie Harper na ƙungiyar UK Subs, an haife shi a 1944, ya haura 80 ke nan, kuma idan ka ji yadda suke ambaton sunansa ka san uba suka ɗauke shi.

Gaskiya kiɗan bai shige ni ba. Jita uku da ganguna suna ta gudu, ban ji abin da ake faɗa ba. Ni da na tashi da kalangu, wanda makaɗi zai matse shi a hammata ya kira sunanka da na kakanka ba tare da ya buɗe baki ba, ina za a haɗa? Namu kiɗan magana yake yi. Sai dai riƙon da suka yi wa nasu, shi ne ya sa na tsaya har awa uku.

Bari in nuna muku hasumiyar can. Tsayinta mita 158, an buɗe ta a 1894, ta Eiffel da ke Faransa suka kwaikwaya. Ga kuma gadoji uku da suka kutsa cikin teku, mafi tsufa tun 1863. Waɗannan motocin dogo masu lantarki da kuke gani suna bin gaɓa tun 1885 suke aiki. Kun san wa ya gina garin nan da kuɗinsa? Ma'aikatan masaƙun auduga na yankin Lancashire. A da kowane gari yakan rufe masaƙunsa mako guda a shekara, ma'aikata su cika jiragen ƙasa su kwararo nan. Ni kuwa ɗan Funtuwa ne. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, da aka kafa a Manchesta a 1902, shi ne ya riƙa sayen auduga a ƙasarmu yana gurza ta yana turowa masaƙun nan. Kakana ya noma auduga. Don haka idan na taka wannan gaɓar, ba na jin kaina baƙo, akwai gumin mutanenmu a cikin abin da aka ci aka yi wannan ado.

Amma garin ya ga ta kansa. Da jirgin sama ya yi arha, Turawa suka koma Sifaniya neman rana, aka bar Blackpool da ɗakunan kwana babu masu kwana. Ka bar bakin teku ka shiga layi biyu ciki, za ka ga talauci ƙuru-ƙuru, yana cikin garuruwan da suka fi fama da shi a Ingila. Shi ya sa mai sayar min da kifi da dankali, fam 11 ya karɓa, ya ce shi wannan makon yana cikin waɗanda yake jira duk shekara, kuma masu zankon nan ba sa ba shi wahala.

Kai, na manta ban nuna muku jakuna ba! Ga su can a kan yashi, suna ɗaukar yara. Jakin garin nan yana da hutun cin abincin rana, likitan dabbobi yana duba shi, babba ba ya hawansa, kuma ranar Juma'a ba ya aiki. Na tuna jakunan da ke ɗaukar yashi a garinmu, raina ya sosu.

Duk wanda zai zo a wannan makon, ɗan'uwa, ka kama ɗaki tun da wuri. Na leƙa wani ƙaramin masauki don in kwana, kuɗin da matar ta faɗa min ya ninka abin da na taɓa biya a garin nan, na fito ban ce komai ba. Ka zo da abin toshe kunne, nawa har yanzu ƙugi suke yi. Giya tana ko'ina a cikin zauren, har a ƙasa, kada ka sa takalmin da kake ji da shi. Kafin ka sayi kifi ka tambaya da me aka kwaɓa fulawar da kuma man da aka soya, don wasu da giya suke kwaɓawa. Tsuntsayen tekun nan kuwa sun fi shirwa iya fizge, ɗazu ɗaya ya ɗauke wa wata yarinya abinci a hannu, kada ka ci komai a fili kana kallon waya. Akwai masallaci a titin Revoe, can na yi Azahar da La'asar, Magariba kuwa a wannan lokacin sai wajen ƙarfe 9 na dare.

Na sayi alewar garin guda huɗu, fam 2 kowace, doguwa ce kamar sanda, ita ma rok suke ce mata, duk inda ka karya ta za ka ga sunan Blackpool a rubuce a ciki. Biyu na yarana ne idan an samu mai tafiya gida. Biyu kuma zan kai wa wani dattijo a wurin aikinmu da ya taɓa ce min a garin nan ya haɗu da matarsa. Gobe da safe ni ne a kansa, zan nuna masa bidiyon nan in ga ko zai gane gadar. Bari in yi sauri, jirgina saura minti 20, ga Baba mai koren zanko can yana ɗago min sanda.