Ramin Akwatin Wufa Ba Na Shan Iska Ba Ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga akwatuna biyu a gabana. Kowanne na ɗauke da wufa mai inci 12, wato babbar sifikar mota mai fitar da bes (sauti mai kauri), cikin kowanne lita 50, kuma amfilifaya ɗaya ce ke ba su wuta. Amma ku saurara. Na dama bes ɗinsa yana sauka ƙasa har ka ji shi a ƙirji. Na hagu kuwa sai bum-bum a wuri ɗaya, kowace waƙa ka sa masa amsarsa ke nan. Abin da ya raba su bututun da ke cikin ramin kowanne ne kawai. Faɗin bakinsu ɗaya, santimita 10, sai dai na dama tsawonsa santimita 31, na hagu 15.

Mutane da yawa, har da wasu kafintocin da ke haɗa akwatin, sun ɗauka an huda ramin ne don sifika ta sha iska kada ta yi zafi. Shi ya sa ake yanko duk guntun bututun roban da aka samu wajen masu aikin famfo a cusa. To, ba haka abin yake ba.

Ka ɗauki kwalbar lemo da ba komai ciki, ka hura bakinta. Za ka ji ta yi "huuu" da murya guda. Zuba ruwa zuwa rabi ka sake hurawa, muryar ta ƙara siranta. Iskar da ke wuyan kwalbar ce ke shiga tana fita da sauri, ta cikin tumbin kuma tana matsuwa tana turo ta waje. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya yi bayanin wannan tun a ƙarni na 19. A 1932 kuma Albert Thuras na kamfanin Bell a Amurka ya samu rajistar mallakar dabarar amfani da ita a akwatin sifika. Akwatinka shi ne tumbin, bututun shi ne wuyan.

Ke nan kowane akwati mai rami yana da muryarsa, wadda ake auna ta da Hz, wato sau nawa iska ke kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Idan waƙa ta zo daidai wannan murya, kusan duk ƙarar daga ramin take fitowa. Kalli fatar sifikar akwatin dama da kyau. Na sa mata sautin gwaji na 35 Hz, gilashin mota na rawa, ita kuwa da kyar take motsi. Sa hannu a bakin ramin, iska kamar ta ture ka.

Abu uku ke saita muryar. Ƙara tsawon bututu, murya ta sauka. Ƙara faɗinsa, ta hau. Ƙara girman akwati, ta sauka. Akwatin dama yana kan 35 Hz, na hagu da aka gajarta masa bututu ya haura wajen 46.

Sai ka ce to ai da sauƙi, a sa siririn bututu gajere, a samu murya ƙasa ba tare da cin wuri ba. A nan gizo ke saƙar. Iskar da wufa mai inci 12 ke turowa tana da yawa, in ka matse mata hanya sai gudunta ya ƙaru, ta fara hargitsewa a bakin ramin. Shi ne wannan "fuf-fuf" da kake ji idan an ƙure ƙara, wanda wasu ke zaton sifika ce ta yage. Banda hayaniyar, ƙarfin ma raguwa yake, kana ƙara wuta bes ba ya ƙaruwa. Masu zane da yawa suna ƙoƙarin kada gudun iskar ya wuce mita 17 a daƙiƙa, ko da yake a mota wasu kan ɗaga ƙafa, tunda but na ɓoye wani abu daga cikin hucin. Buɗa bakin bututun ta ciki da waje, ya yi lanƙwasa maimakon kaifi, yana rage matsalar sosai.

In kuma ka faɗaɗa, sai tsawo ya biyo ka bashi. A wannan akwati mai lita 50, in ka koma bututu mai faɗin santimita 15 kana son riƙe 35 Hz, sai ya kai kusan santimita 75. Ina za ka sa shi? Dalilin da ya sa ake gina rami mai kusurwa huɗu da katako ke nan, a bi da shi jikin bango a karya kwana. Kuma kada ka manta, wurin da bututu da bayan sifika suka cinye ba ya cikin lissafin litar akwati. Da yawa a nan suke tuntuɓe: a takarda 35, a mota 40 da wani abu.

Yanzu ga abin da ke kashe sifika. Ƙasa da muryar akwati, iskar ciki ba ta ƙara riƙe fatar, sai ta riƙa kaɗawa a banza kamar ba ta cikin akwati, ga motsi ba ƙara. Akwatin da aka rufe ruf yana rage ƙarfi a hankali, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 duk lokacin da murya ta sauka da rabi. Mai rami kuwa 24 ne, faɗuwa yake yi. In akwatinka yana kan 46 ka sa waƙar da bes ɗinta ya kai 30 da cikakkiyar wuta, kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa fatar, na iya dukan ƙasan sifika. Duba amfilifayarka, in akwai maɓallin da aka rubuta subsonic, mai tare sautin da ya yi ƙasa da yawa, saita shi kaɗan ƙasa da muryar akwatin.

Wace murya za a zaɓa? Ni a ganina, mai jin waƙa yau da gobe ya tsaya tsakanin 30 da 35. Ɗakin mota ƙarami ne, shi da kansa yana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi, don haka ba ka buƙatar tudu a sama. Masu gasar ƙara su ne ke hawa 45 zuwa sama, don na'urar auna ƙara suke so ta nuna lamba, ba daɗin kunne ba. Kuma ba kowace wufa ke son rami ba. Takardar da ke zuwa da ita tana da lambobi uku masu bayyana halin wufar, Fs da Qts da Vas, daga aikin Neville Thiele da Richard Small a Ostareliya. Zuba su a manhajar WinISD, kyauta ce, ta ba ka girman akwati da tsawon bututu.

In kuma akwatin ya riga ya shiga but, ga yadda za ka san inda yake. Sauke manhajar sautin gwaji a waya, rage ƙara, fara daga 60 kana saukowa ɗaya-ɗaya, yatsanka a gefen fatar. Inda motsinta ya fi raguwa, nan ne muryarsa. In ya yi sama da yawa, ƙara wa bututun tsawo ka sake gwadawa. Sannan ka bar tazarar aƙalla faɗin ramin tsakanin bakinsa da murfin but ko bayan kujera, in ba haka ba duk lissafin ya tashi.