Sharhi: Kafara da gardamar da ta ƙi tsufa tsakanin Kiristoci

Jama'a masu saurarenmu barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan maganar kafara ne, wato ta yaya mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye take ɗauke zunubin ɗan Adam, tambayar da Kiristoci suka daɗe suna ja-in-ja a kanta tsakaninsu kuma har yau tsugune bata ƙare ba. Kafin mu yi nisa, sanin kowa ne Musulunci yana da nasa matsayin daban, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba. Ba wannan ke gabanmu ba yau, gardamar cikin gida ce ta mutanen da dukkansu sun yarda an gicciye shi ɗin.

A 2013 ƙura ta tashi a Amurka kan baiti ɗaya tak. Kwamitin wata babbar ɗarikar Firesbiteriya ta ƙasar yana haɗa sabon littafin waƙoƙin sujada, sai suka zo kan wata sananniyar waƙa da ke cewa a kan gicciye ne fushin Allah ya huce, suka so a rera ta da cewa a kan gicciye ne aka ɗaukaka ƙaunar Allah, masu waƙar suka ce a'a ba za a taɓa musu baiti ba, kwamiti ya kaɗa ƙuri'a, waƙar bata shiga littafin ba. Shikenan aka yi ta kai ruwa rana a jaridu da intanet, waɗannan na cewa an yar da bishara, waɗancan na cewa ai ku ne kuka mai da Allah mai neman jini. Wanda bai san tarihi ba sai ya ɗauka sabon abu ne, alhali rigimar ta girmi duk ɗarikun da ke yinta.

Toh ina suka haɗu tukuna? Manzo Bulus a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 15 ya taƙaita bisharar da ya karɓa ya kuma isar: Almasihu ya mutu domin zunubanmu bisa ga Nassi, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun sa hannu a nan, babu musu. Shahadar bangaskiya ta Nikiya ma, wadda aka fara tsarawa a 325 aka faɗaɗa a 381, cewa ta yi ya sauko daga sama domin mu mutane da cetonmu, aka gicciye shi dominmu a zamanin Bilatus, ta tsaya nan. Manyan majalisun shugabannin coci na wancan zamani, irin waɗanda suka tsara shahadar, sun ɓata shekaru suna tantance wanene Yesu, Allah ne, mutum ne, amma basu taɓa zama sun yanke cewa ga hanya ɗaya tilo da za a bayyana yadda gicciye ke aiki ba. Wannan shirun nasu, a ganina, abin lura ne ƙwarai, kuma masu ta da jijiyar wuya a yau ba kasafai suke tuna shi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A Markus 10:45 Yesu ya ce Ɗan Mutum ya zo ne ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Malaman farko suka tambaya, to fansar nan wa aka biya? Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya ce Shaiɗan aka biya tunda shi ne ke riƙe da mutane a bauta. Giregori na Nissa a ƙarni na huɗu ya ƙara da wani misali mai ban mamaki, wai jikin Yesu kamar abincin da ake saƙalawa a ƙugiya ne, allahntakarsa ita ce ƙugiyar, Shaiɗan ya haɗiye ya maƙale. Amma abokinsa kuma takwaransa, Giregori na Naziyanzus, bai yarda ba sam. Ya ce in Shaiɗan aka biya, wannan ai abin kunya ne, ɗan fashi ya karɓi fansa kuma fansar Allah ne da kansa? In kuma Uba aka biya, ta yaya, tunda ba shi ke tsare da mu ba, kuma shi da ya hana Ibrahim yanka ɗansa me zai sa ya ji daɗin jinin nasa Ɗan? Ku duba fa, mutane biyu ƴan zamani ɗaya, yanki ɗaya, ikkilisiya ɗaya, sun saɓa a kan wannan babbar magana kuma har yau ana girmama su biyun a matsayin ubannin ikkilisiya, ba wanda ya kori wani.

Sai a 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafinsa da ke tambayar me ya sa Allah ya zama mutum, ya kuma juya akalar maganar gaba ɗaya. Ya ce Shaiɗan bashi da wani haƙƙi a kan kowa balle a biya shi. Zunubi tauye wa Allah girman da ya cancanta ne, saboda haka bashi ne a wuyan ɗan Adam, mutum ne ya kamata ya biya amma bashi da abin biya, Allah ne kaɗai ke da ikon biya amma ba shi ya ci bashin ba, kenan dole sai wanda yake Allah kuma mutum a lokaci guda. Hujja ce mai tsari, wannan kam ba musu. Masu suka dai suna cewa ƙamshin zamaninsa na tashi a jikinta, zamanin sarakuna da barori inda girman laifi ke bin girman wanda aka yi wa.

Ba a jima ba Bitrus Abelad a Faransa ya jefo tambayar da har yau take ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Ya ce in cin ƴaƴan itacen da Adamu ya yi ya kai laifin da sai jinin Almasihu zai wanke, to kisan Almasihun kansa, wanda ya fi wancan muni nesa ba kusa ba, me zai wanke shi? A wurinsa gicciye nuna ƙauna ne mai ƙarfin da ke narkar da zuciyar mai zunubi ta juyo ga Allah. Banad na Kilabo, wani babban malamin coci a Faransa, ya taso masa haiƙan, aka hukunta koyarwar Abelad a majalisar Sans wajen 1140, amma tambayar bata mutu ba. Da ƴan gyaran ikkilisiya suka zo a ƙarni na 16, musamman Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, sai suka ɗauki tsarin Anselm suka sa masa harshen kotu: Allah alƙali ne mai adalci, zunubi na da hukunci, Almasihu ya tsaya a madadin mai laifi ya sha hukuncin. Suka kafa hujja da Ishaya 53, an soke shi saboda laifofinmu, da Galatiyawa 3:13, ya zama la'ana dominmu, da Korintiyawa ta biyu 5:21. Wannan shi ne bayanin da aka fi ji a wa'azin majami'un bishara da yawa a yau, har wasu ke ɗauka shi kaɗai ne aka taɓa yi.

Yanzu bari mu tsaya a kan tambaya mai wuyar, dan kauce mata ba zai amfani kowa ba. Adalci ne a hukunta marar laifi a saki mai laifi? Masu wannan tambayar ba daga waje suka ɗauko ta ba, daga cikin Littafi Mai Tsarki ne, Ezekiyel 18:20 ya ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Suna kuma nuna Luka 15, labarin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo gida, uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, ba a ji an biya wani abu ba kafin a yafe. Sosinus, wani malamin tauhidi ɗan Italiya, ya riga ya yi irin wannan hujjar tun ƙarni na 16, ya ce in an biya bashi cif-cif to ba yafiya aka yi ba, in kuma yafiya aka yi to biyan na menene. Su kuma masu kare koyarwar madadi amsarsu ita ce hoton da ake zanawa, na Uba mai fushi da ya kamo wani can daban ya hukunta, ba nasu ba ne. Suna karanto Korintiyawa ta biyu 5:19, Allah ne cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, da Yahaya 10:18 inda Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ke bayarwa da yardarsa, wato alƙalin ne da kansa ya ɗauki nauyin, kuma Yahaya 3:16 ta sa ƙauna a farko, ƙaunar ce ta kawo gicciye. Gaskiya amsar nan tana da nauyi. Sai dai a faɗi gaskiya, wasu masu wa'azi su ne ke jawo wa koyarwar tasu baƙin jini, yadda suke kwatanta abin da zafin baki har mai sauraro ya fita yana ƙaunar Yesu yana tsoron Ubansa, abin da babu wani babban malami cikin waɗanda muka ambata da zai amince da shi.

A 1930 wani malamin tauhidi ɗan Suwidin, Gustaf Aulen, ya farfaɗo da tsohon bayanin nasara, cewa a kan gicciye Almasihu ya ci zunubi da mutuwa da Iblis da yaƙi, kamar yadda Kolosiyawa 2:15 da Ibraniyawa 2:14 suka faɗa. Ya ce wannan ne ya mamaye shekaru dubu na farko na Kiristanci. Wasu masana sun ce ya ɗan zuzuta, tunda maganar musanya, mai adalci a madadin marasa adalci, tana nan a rubuce-rubucen farko ma.

Abinda ni dai nake gani shi ne, Sabon Alkawari bai taɓa yin magana da hoto ɗaya ba. Akwai harshen kasuwar bayi, fansa. Akwai harshen kotu. Akwai na fagen yaƙi, akwai na sulhu tsakanin waɗanda suka ɓata, akwai kuma na Haikali, wanda wasiƙar Ibraniyawa ta gina a kan Littafin Firistoci sura 16. Kuma ko a can ɗin, a Ranar Kafara, bunsuru biyu ne ba ɗaya ba: ɗaya a yanka babban firist ya shiga da jininsa Wuri Mafi Tsarki ya yayyafa, ɗayan kuma ya ɗora masa hannu biyu a ka ya furta laifofin jama'a a kore shi jeji da ransa. Wanda aka ɗora wa zunuban ba shi aka yanka ba. Duk mai son ya matse wannan duka cikin jimla guda sai ya bar wani abu a waje, kuma matsalar ba riƙe bayani ɗaya ba ce, kowa na da wanda ya fi gamsar da shi, matsalar ita ce mutum ya mai da bayaninsa shi ne bisharar kanta har ya yanke wa wanda ya saɓa masa hukuncin cewa bashi da ceto.

Wani abu da ke rura wutar shi ne yadda ake jifan juna da ayoyi guntu-guntu. Mutane da yawa basu san cewa lambobin nan ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa mai ɗab'i Robert Estienne ne ya fito da su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Romawa, a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe a gaban jama'a. Ka yi tunanin wani ya ɗauki dogon saƙon da ka tura a waya ya yanko layi ɗaya daga tsakiya ya ce ga matsayinka, ai sai ka ce a koma a karanta duka. Haka Romawa 3:25 take, ayar da ke maganar kafara ta jinin Almasihu, wanda bai bi maganar tun daga sura ta 1 ba, inda Bulus ke nuna Yahudawa da sauran al'ummai duk sun kasa, ba zai gane me ayar ke amsawa ba. Haka ma tsohuwar rigimar Afisawa 2:8-9, ceto ta wurin alheri ba ta ayyuka ba, da Yakubu 2:24, mutum na barata, wato zama marar laifi a gaban Allah, ta ayyuka ba ta bangaskiya kaɗai ba. Mai karanta aya ta 10 ta Afisawan zai ga Bulus ɗin da kansa ya ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka.

Kuma kada a ɗauka gardamar fatar baki ce kawai, ta taɓa cin mutane. A Holan, tambayar ko Almasihu ya mutu domin kowa ne, kamar yadda Yahaya ta fari 2:2 ke cewa, ko domin zaɓaɓɓu kaɗai, tumakin da ke Yahaya sura 10, tana cikin abubuwan da suka kai ga majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619. Aka kayar da mabiyan malami Arminiyus, masu cewa domin kowa ya mutu, aka tuɓe fastocinsu wajen 200, siyasa ta shigo ciki, masanin shari'a Hugo Grotius da ke ɓangarensu aka yanke masa ɗaurin rai da rai, sai a 1621 ya tsere a ɓoye cikin akwatin littattafai.

A ɗaya gefen kuma, ranar 31 ga Oktoba 1999 a birnin Ogsbag na Jamus, cocin Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka rattaba hannu kan sanarwar haɗin gwiwa game da barata, suka ce tsinuwar da kakanninsu suka yi wa juna a ƙarni na 16 bata hau kan koyarwar da ke cikin takardar ba. Majalisar Metodis ta duniya ta bi sahu a 2006, ta majami'un Rifom a 2017. Takardar bata ce an daidaita a komai ba, ita da kanta ta lissafa inda harshe da nauyin magana suka bambanta, kuma akwai majami'un Lutaran masu tsauri da suka ƙi sa hannu har yau, suna cewa an lulluɓe saɓanin ne da kalmomi masu daɗi ba a warware shi ba.

Ƙarshen sharhin kenan, sai a ci gaba da kasancewa tare da mu.