Romiyo da Juliyet: ƙaddara ce ta kashe su ko gabar iyaye?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ga Nura a gefena, sai babban baƙonmu Malam Bala, wanda ya daɗe yana koyar da adabi. Malam, sannu da zuwa.

Malam Bala: Yauwa Hadiza, sannunku da aiki. Nura, ya mutanen gida?

Nura: Lafiya ƙalau Malam, alhamdulillahi.

Hadiza: Yau birnin Verona na ƙasar Italiya muka nufa, inda William Shakespeare ya kafa wasan kwaikwayonsa na Romiyo da Juliyet. Ko wanda bai taɓa karanta shi ba ya san sunayen nan biyu, kuma ya san ba su ƙare da daɗi ba. Tambayata ɗaya ce: wa ya kashe yaran nan?

Nura: Ai marubucin bai bar mu cikin duhu ba. Kafin a fara komai, mai gabatarwa yana fitowa dandamali ya karanta layi 14, ya faɗa wa 'yan kallo cewa gidaje biyu ne masu gaba, 'ya'yansu za su so juna, taurarinsu ba su yi dace ba, kuma za su mutu. Tun ba a ga fuskar Romiyo ba an yanke masa hukunci. In wannan ba ƙaddara ba ce, to mece ce?

Malam Bala: Haka ne Nura, amma ka ƙarasa layukan. A cikinsu ne ya ce babu abin da zai kashe wutar gabar iyayen sai mutuwar 'ya'yan. Ya ambaci taurari sau ɗaya, sauran maganar duk a kan iyaye take. Mu da muka yi imani da ƙaddara mun san imanin nan ba ya sauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata. Ni duk lokacin da na karanta wasan nan, hannayen mutane nake gani birjik.

Hadiza: Malam, kafin mu shiga hannayen, labarin na Shakespeare ne tun asali?

Malam Bala: A'a. Labari ne da ya daɗe yana yawo a Italiya. Luigi da Porto ya rubuta shi wajajen 1530, Matteo Bandello ya sake rubuta shi a 1554, sannan wani Bature ɗan Ingila, Arthur Brooke, ya mayar da shi doguwar waƙa a 1562. Daga waƙar nan Shakespeare ya ɗauka, aka fara buga nasa a 1597. Abin lura shi ne abin da ya canza. A wajen Brooke labarin watanni yake ɗauka. Shakespeare ya matse shi cikin ƙasa da mako guda. Sun haɗu daren Lahadi, an ɗaura musu aure a ɓoye ran Litinin, a ranar Romiyo ya yi kisa, asubahin Talata ya bar gari. Ya kuma rage wa yarinyar shekaru, bai bari ta cika 14 ba.

Hadiza: Shekara 13 ke nan. Wannan yana taɓa ni ƙwarai.

Nura: To ai ga abin da nake faɗa. Ku duba yadda suka haɗu ma. Kafulet, mahaifin Juliyet, ya ba baransa takardar sunayen waɗanda za a gayyata walima, baran kuwa bai iya karatu ba. Ya fita titi yana neman mai karanta masa, duk faɗin Verona bai faɗa hannun kowa ba sai Romiyo, ɗan gidan Montagu, abokan gabarsu. Romiyo ya ga sunan Rozalin, yarinyar da yake mutuwar so a lokacin, ya tafi walimar don ya gan ta, sai ya ga Juliyet. Wa ya shirya wannan?

Malam Bala: Na yarda, wannan dace ne. Amma yaro ya ga yarinya a wajen biki ya ji yana son ta, ina abin mutuwa a ciki? Kullum ana yi. Abin da ya mayar da shi musiba shi ne ba za su iya zuwa gaban iyayensu su faɗa ba. Kuma ku lura, daga farkon wasan har ƙarshensa babu inda aka faɗi abin da ya haɗa gidajen nan faɗa. Tsohuwar gaba ce kawai. Barorin da suka buɗe wasan da zare takubba a titi su ma ba su kawo dalili ba. Sun tashi sun tarar ana yi, suka ɗora.

Hadiza: Ni wurin da na fi jin zafinsa shi ne mutuwar Makushiyo. Shi ba ɗan Montagu ba, ba ɗan Kafulet ba, ɗan'uwan sarkin garin ne, abokin Romiyo. Taibal, ɗan'uwan Juliyet, ya zo neman Romiyo da faɗa. Romiyo ya ƙi, don ya san yanzu surukinsa ne, ko da yake Taibal bai sani ba. Makushiyo ya ga kamar ragwantaka ce, ya zare takobi. Romiyo ya shiga tsakani don ya raba, sai Taibal ya zura takobinsa ta ƙarƙashin hannun Romiyo ya soke Makushiyo. Mai rabon faɗa ne ya zama sanadin ajalin abokinsa.

Nura: Kuma bayan Romiyo ya rama ya kashe Taibal, da bakinsa ya ce sa'a ce take wasa da shi.

Malam Bala: Shi ya faɗa. Amma saurari wanda ke kwance cikin jini. Makushiyo bai zagi taurari ba. Gidajen biyu ya tsine wa, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ni maganar mai mutuwa na fi ɗauka a kan ta wanda ya gama kisa yana neman inda zai jingina laifi.

Hadiza: Malam, ina son mu tsaya a kan mahaifin Juliyet, don ni a nan nake ganin wasan ya juya. Da farko, da Faris, wani basarake ɗan'uwan sarkin garin, ya zo neman aurenta, Kafulet cewa ya yi yarinya ce, a bar ta shekara biyu tukuna, kuma ya nemi yardarta. Magana ta dattako. Bayan an kashe Taibal, a daren nan ya tsayar da ranar Alhamis don ɗaura mata aure da Faris ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta durƙusa tana roƙonsa, sai ya ce hannunsa na ƙaiƙayin ya mare ta, in ba ta je coci ba zai ja ta a ƙasa ya kai ta, in kuwa ta ƙi, ta fita ta yi bara ta mutu a titi. Ta juya wajen uwarta, uwar ta ce ba ruwanta. Ta juya wajen matar da ta shayar da ita ta raine ta, wadda ta san sirrin auren, ita ma ta ce ta haƙura ta auri Faris. A safiya ɗaya ƙofa uku suka rufe mata.

Malam Bala: Madalla Hadiza. Duk wanda ya san yadda auren dole yake ƙarewa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga nan ne ta tafi wajen Fada Lorans, limamin cocin da ya ɗaura musu aure a ɓoye, da wuƙa a hannunta, shi kuma ya ba ta maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42. Sai uban, don murnar ta ce ta amince, ya jawo bikin daga Alhamis zuwa Laraba. Kwana ɗayan nan da ya rage shi ya ƙara ƙuntata lokacin da ake da shi na sanar da Romiyo.

Nura: To wasiƙar fa, Malam? A nan kam ba za ku ce hannun mutum ba ne. Fada Lorans ya rubuta wa Romiyo a Mantuwa, garin da ya koma bayan sarki ya kore shi saboda kisan Taibal, cewa Juliyet ba ta mutu ba. Fada Jon da aka aika ya biya ya ɗauki abokin tafiya, masu binciken annoba suka yi zargin gidan da suke ciki ya kamu, suka rufe ƙofa suka killace su. Wasiƙa ba ta tafi ba.

Malam Bala: Wannan na ba ka, babu ja. Kuma 'yan kallon Landan na lokacin sun san zafinsa, don annoba ta sa an rufe gidajen wasa kusan duk tsakanin 1592 da 1594. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me ya sa ran mutum biyu ya rataya a kan takarda ɗaya? Saboda komai a ɓoye ake yi. Shi kansa Fadan, niyyarsa ta alheri ce, ya ɗaura auren ne don ya sasanta gidajen, amma bai taɓa samun ƙarfin zuciyar tunkarar iyayen ba. A ƙarshe ma, da ya ji motsin 'yan sintiri a maƙabarta, ya gudu ya bar yarinyar ita kaɗai da gawar mijinta.

Hadiza: Akwai wani mutum da ba a cika tuna shi ba, mai sayar da magani a Mantuwa. Romiyo ya siffanta shagonsa: ga kunkuru a rataye, ga busasshen kada, ga fatun kifi, ga akwatuna babu komai a ciki, ga tsofaffin iri da suka yi fumfuna. Shi kansa mai shagon yunwa ta rame shi, rigarsa duk tsumma. Dokar garin kisa ce ga wanda ya sayar da guba, kuma ya faɗa wa Romiyo haka. Romiyo ya miƙa masa tsabar zinariya 40. Mutumin ya ce talaucinsa ne ya yarda, ba zuciyarsa ba.

Nura: Romiyo kuma da gangan ya zaɓe shi, don ya san mayunwaci ba zai iya cewa a'a ba. A nan ba zan wanke shi ba. Yana jin labarin mutuwar Juliyet daga bakin baransa bai tsaya neman tabbaci ba, ya sayi guba, ya kashe Faris a bakin kabari, ya sha. Da ya yi jinkiri kaɗan da ya ga ta buɗe ido. Shi ya sa ba na son yadda wasu ke ɗaukar kisan kan da suka yi a matsayin ƙololuwar soyayya. Asara ce.

Malam Bala: Asara ce babba. Rai shida: Makushiyo, Taibal, Faris, Romiyo, Juliyet, da mahaifiyar Romiyo wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Biyar daga ciki matasa ne. Tsofaffin biyu masu gabar kuwa suna nan da ransu.

Hadiza: Suka yi musabaha a gaban gawawwakin, kowa ya yi alkawarin gina mutum-mutumin zinariya, Montagu na Juliyet, Kafulet na Romiyo. Malam, wannan sulhun ya gamsar da ku?

Malam Bala: Bai gamsar da ni ba. Sarkin ma ya amsa nasa laifin, ya ce kawar da kan da ya yi ga rikicinsu ya jawo masa rasa 'yan'uwa biyu. Su kuwa iyayen maganar zinariya suke yi.

Nura: Ni ina ganin sulhun na gaske ne, Malam. Kafulet ne ya fara miƙa hannu, ya kira Montagu ɗan'uwa. Kuma har yanzu ina nan a kan bakata game da wasiƙar.

Hadiza: To, Malam da Nura ba su daidaita a kan wasiƙa ba, lokaci kuma ya ƙure mana. Malam, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira.

Malam Bala: Amin, ni ma na gode.

Hadiza: Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.