Kwana uku ba barci: yadda 'yan fadarmu suka jefa guga rijiya

Salamu alaikum 'yan Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, da ma ku da kuke waje kamar ni. Kar ku kalli idona don Allah, yanzun nan na sauko daga aikin dare, ƙarfe 7 na safe nan Lyon, sanyi kamar ya cire ma mutum kunne. Na ce bari in ɗauki bidiyon nan kafin in kwanta, don dama maganar barci ce.

Ku ga wannan, bari in matso da shi. Ɗan ludo ne amma fuska 20 gare shi. Da shi ake wasan nan Dungeons & Dragons, nan Faransa suna ce mai Donjons et Dragons, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da zai yi, in abin mai wuya ne a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. To ni ne mai ba da labarin, 'yan wasa kuma ƙanena da abokanmu uku na fada can gida. Duk daren Asabar su aza portabul kan tabarma kusa da butar shayi, ni ina nan, in rezo ya yarda mu yi awa uku. Lokacin sanyi ma agogonmu ɗaya da Nijar, sai da zafi nake gaba da awa guda.

Labarin da na tsara musu irin na ayarin gishiri ne, kamar masu zuwa Fashi da Bilma ta cikin Tenere, sai dai na zuba aljanu da dodanni. 'Yan fashi suka kore raƙuman madugu da dare. Ƙanena shi ne mayaƙi, sai ya ce "yaya ba wani zango, mu bi sawu dare da rana har mu cim musu." Na ce ku fa za ku yi barci. Dukansu suka sa dariya, wai mu 'yan fada za ka gaya ma rashin barci, mu da muke kai asuba kan shayi na uku? Na ce to bismilla.

Ga yadda dokar barci take a littafin wasan, bugu na 5, na 2014. Babban hutu awa 8 ne, aƙalla 6 barci, sauran 2 kana iya gadi ko karatu. Sai wani littafin ƙari na 2017, Xanathar's Guide to Everything, ya kawo doka ga mai so: duk awa 24 da suka wuce ba ka yi hutun ba, ka jefa ɗan ludo, ka haɗa da ƙarfin jikinka, sai ka kai 10. Kwana na biyu 15, na uku 20, kullum ana ƙara 5. In ka faɗi ka hau mataki ɗaya na gajiya. Matakan 6 ne: na farko duk aikin da ka taɓa sai ka jefa sau biyu a ɗauki ƙarami, na biyu saurinka ya rabe biyu, na uku sara da kare kai su lalace, na huɗu jininka ya koma rabi, na biyar ko taku ɗaya ba ka iyawa, na shida sai likkafani.

Daren farko wanda ya ɗauki boka a labarin shi kaɗai ya faɗi, ya jefo 4. Na biyu ya sake faɗuwa, tafiyar mita 9 ta koma 4 da rabi, ga shi tsafin da ya kashe bai dawo ba tunda sai da hutu yake dawowa, ya zama kaya kawai. Mai elf, wata halitta ce mai kama da mutum a cikin wasan, ya tashi da gardama wai nasa ba ya barci. Gaskiya ne, amma ai yana zama awa 4 shiru cikin zurfin tunani, kai kuma ko minti ba ka ba shi ba. Dare na uku, 20, kowa ya zube.

Sai suka iso rijiya. Wallahi nan ne na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango. Ruwa ya ƙare a salka, rijiya mai zurfi, ƙanena ya ce shi zai ja guga tunda shi ne ƙaƙƙarfa. Na ce jefa sau biyu. Na farko 17, har sun fara ihu, ina jin ƙarar kofunan shayi. Na biyu 2. Na ce hannunka na rawa, ido na ganin igiya biyu, ka kama wadda babu, igiya ta kufce, kun ji faɗuwar guga can ƙasa, tsulum. Shiru. Sai na ji muryarsa "haba yaya, kai fa ba ka da imani." Mutumin da ya sare kan dodo sati biyu baya, guga ta kayar da shi.

Suka ce to su kwanta dare ɗaya a wuce wurin. A'a. Hutu ɗaya mataki ɗaya yake gogewa, shi ma sai an ci an sha, ke nan boka kwana uku zai yi kwance. Suka ce zalunci ne. Ni kam nan dokar ta burge ni, don na san abin a jikina. Dare biyar a jere ina ɗaga kwali a magaza, in kwana ranar Lahadi har la'asar, Litinin kai na nan da nauyi kamar an aza mini dutse. Ku da kuka taɓa shiga kar daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, kun san washegari ba mutum ba ne kai.

Inda ban yarda da littafin ba shi ne mutuwar. A lissafinsu, in sa'a ta guje ka, kwana 6 ka mutu, kuma kai ke zaɓar ka ci gaba da buɗe ido har ƙarshe. Ina aka taɓa haka? Wani yaro ɗan shekara 17 a San Diego, Randy Gardner, ya yi awa 264 ba barci, kwana 11, ya gama a farkon 1964, ya kwanta ya tashi lafiya. Kuma mu mun san barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Watan jiya na shiga taram da safe, tasha huɗu kawai zan yi, na ce bari in jingina kai da gilashi, ban farka ba sai ƙarshen layi direba na taɓa kafaɗata, ga yawu a kan jaket, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Shi ya sa na gyara dokar a teburinmu. Daga mataki na uku, duk wanda ya zauna, ko ya hau raƙumi, ko aka ba shi gadi, zai jefa, in ya faɗi barci ya sace shi nan take, ko yana so ko ba ya so. Ban gaya musu ba tukuna. Kuma sun bar boka ne a kan gadi bakin rijiyar, 'yan fashin na bayan tudun yashi.

Ƙanena in kana kallo, Asabar ka caja portabul tun da rana kafin kuran ya tafi, kuma a samo sikari, ban son a tsaya tsakiyar faɗa a ce an aiki yaro shago. Ni dai idona ya rufe, sai an jima.